Sidsel da Zaren Jirgin Cocinmu

To ai shi ne nake ce muku, kar wanda ya sake gaya mini wai Sidsel mutuniyar kirki ce. Na sani. Kowa a tsibirin nan ya gaya mini, daga fasto har mai jera motoci a jirgin fito. Da muguwa ce ai da na huta, in zage ta tas in je in yi barcina. Amma yaya za ka yi da matar da ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga maka murya ba, sai dai kawai ka waiwaya ka gan ta zaune daram a wurinka?

Ni sunana Rikke. A gidan bandar kifi na bakin tashar jiragen ruwa nake aiki, shi ya sa ko wanka uku na yi, hayaƙi nake wari. Ita kuwa Sidsel ba ma 'yar nan ba ce. A can tsallake, tsakiyar yankin Jutland, aka haife ta, inda in ka duba gabas ka duba yamma ba abin da za ka gani sai shanu da gonar dankali. Ita ce ta huɗu a gidansu. Ubanta mai shanun madara ne, irin mutanen nan da ba sa buɗe baki sai in saniya ta mutu. Ta bar makaranta da wuri kamar ni, don haka kar ku ɗauka wata mai digiri ce ta zo ta fi ni. Ta yi aikin wankin zannuwan gado a wani asibiti. A can ta haɗu da wani direban babbar mota ɗan tsibirinmu, ya auro ta, ya ajiye ta a gidan haya, bayan 'yan shekaru ya bi wata zuwa Norway. Kowa ya ɗauka za ta tattara ta koma wajen shanunsu. Ba ta koma ba. Ni dai na ce amai ne ya hana ta, don matar nan in ta taka jirgin fito, tun ba a kwance igiya ba ta fara laluben leda.

Sai ta shiga aikin ƙaramar hukuma, na bin tsofaffi gida gida. Da sassafe za ka gan ta a kan keke, ko ana ruwa ko ana iska, da shuɗiyar rigar aiki da gashi ɗaure da roba. Ta ba wannan magani, ta yi wa wancan aski, ta saurari labarin da aka ba ta jiya kamar yau ta fara ji. Shekarunta talatin da wani abu. Gajera ce, fuskarta kamar dafaffen dankali, kuma tun da na san ta abincin ranarta ɗaya ne, baƙin burodi da kokwamba. Ba ta rawa, ba ta gulma, ba ta da saurayi. In ka yi mata wasa sai ta tsaya ta yi tunani tukuna, sannan ta yi dariya, lokacin kai har ka manta abin da ka faɗa.

Gidan kakana Ejvind, baban mamata, yana cikin gidajen da take zuwa. Ƙafafunsa ne suke kumbura, likita ya ce a riƙa sa masa wata matsattsiyar safa kowace safiya. Safa fa kawai ta kawo ta.

Kaka ya yi shekara arba'in a jiragen dakon kaya. Da ya dawo gida sai ya koma sassaƙa ƙananan jirage a shagonsa na katako da ke layin masunta, a bakin tasha. Shagunan layin nan ba a sayar da su, ba a kuma gadonsu a kotu. Mai shago shi yake miƙa makulli ga wanda ya ga dama tun yana da rai, 'yan tasha su ce sun shaida, shi ke nan magana ta ƙare. A shagon nan na girma, don mamata aikin kwana take yi. A nan na koyi tafiya, a nan na manne yatsuna biyu da gam har sai da aka kai ni wajen nas. Ni nake riƙe masa katako, ni nake goge shi da samfefa, ni nake cinye masa alewar da yake ɓoyewa a gwangwanin ƙusa. Rediyo yake kirana, wai ba a kashe ni. Ban taɓa tambayar wa za a ba makullin ba. Wa zai tambayi abin da yake nasa?

To ɗan jirgin ruwa na katako da ke rataye a rufin cocinmu, bisa al'adar garuruwan bakin teku, ya tsufa, ƙwari sun cinye cikinsa, har gari yake zubo wa mutane a ka ana tsakiyar addu'a. Kwamitin coci ya roƙi Kaka ya yi sabo. Ya ce zai yi, amma shi ne na ƙarshe, kuma jirgin da ubansa ya yi aiki a ciki zai yi, mai sanduna uku, mai tsawon mita talatin. Aka tono zanensa a saman ɗakin jikokin wanda ya ƙera shi. Takardu uku, duk sun yi ja, kuma kowace da nata awon. Ta gangar jirgin, jikinsa ke nan, an zana ta ɗaya cikin hamsin, wato santimita ɗaya a takarda hamsin ne a ruwa. Ta sanduna da igiyoyi ɗaya cikin ɗari. Ta ukun kuwa lambobinta ma da tsohon inci na ƙasarmu aka rubuta, wanda ko kakan nawa sai ya tsaya ya tuna. Shi kuma Kaka ɗaya cikin ashirin yake so, don jirgin ya kai mita ɗaya da rabi, ya cika ido a coci.

Lissafin yana kansa. Idon ne babu. Lambobin kan rula sun daina fito masa ko da gilashi biyu. Shi ne ya ce in riƙa zuwa da safe ina karanta masa.

Ranar muna teburin kicin, ƙafarsa ɗaya a kan kujera, Sidsel ta durƙusa tana fama da safa.

Na ce, "Bakwai. Santimita bakwai."

"A wace takarda?"

"Ta gangar mana."

"To ɗaya cikin hamsin ce. Raba hamsin da ashirin. Abin da ya ba ki, ki ninka bakwai ɗin da shi."

"Kaka, ni fa irin wannan ne ya sa na bar makaranta."

"Au, bari kika yi? Ni na ɗauka bakinki ne ya ishe su suka roƙe ki."

"Tsoho, ka kiyaye ni, in ba haka ba in tafi in bar ka da makantarka."

Ina laluben waya in danna lissafin, sai muka ji murya daga ƙasan tebur.

"Sha bakwai da rabi."

Ko kai ba ta ɗago ba. Tana ta jan safa.

Kaka ya sunkuya ya leƙa ta. "Ke kuma 'yar shanu, ina kika koyi wannan?"

"Madarar gari ta maruƙa, Baba. A jikin buhu na bokiti guda suke rubutawa, ni kuma garke nake ba wa. Kullum sai na juya."

"To in takardar sanduna ce fa, bakwai ɗin?"

Ta ce, "Ɗari a raba da ashirin, biyar. Talatin da biyar."

Ya buga tebur yana dariya har kofi ya zube. Ni ma na yi dariyar, don a lokacin ban san abin da ke tafe ba. Har cewa na yi, "To madalla, ga wadda za ta hutar da ni." Da bakina na faɗa.

Daga nan in ta tashi aiki sai ta biyo ta shago, wai ta duba ko safar ba ta matse shi ba. Safa a shago! Ta zauna ta auna, ta ninka, ta rubuta da fensir a jikin katako, shi ya shafa da yatsa ya yanka. Tsohon incin ma ta zauna ta mayar da shi santimita ɗaya bayan ɗaya, ba ƙorafi, ba hamma. Matar da ba ta san gaban jirgi da bayansa ba, sai ga shi tana kiran sunayen katakai da ni ban taɓa riƙewa ba. In na shigo da kifi mai zafi in same su kai a haɗe, shiru, sai ƙarar fensir. Mu da Kaka ba mu taɓa yin shiru a shagon nan ba. Ban ma san yana son shiru ba.

Wata rana na ce mata, "Ke ba ki da gida ne?"

Ta yi tunaninta na kullum, ta ce, "Ina da shi. Sanyi ne da shi."

Kun ji fa. Ka jefe ta da magana, ta amsa maka da gaskiya. Ta ina za ka kama?

An gama ganga, an kafa sandar farko, sai Kaka ya zame a banɗaki ya karya ƙugu. Ita ta same shi da safe. Kafin in iso da gudu daga wajen aiki har an ɗora shi a gadon motar asibiti, ina gani da idona ya zaro makulli daga aljihun wandonsa ya danƙa mata.

Na ce, "Kaka, ga ni nan fa."

Ya ce, "Aro ne, Rediyo. Kar gam ya bushe. Ke zo ki riƙe mini hannu."

Na riƙe hannun, ita ta riƙe makullin.

Ya daɗe a tsallake, daga asibiti aka wuce da shi wajen koyon tafiya. Wa yake hawa jirgin fito duk mako ya kai masa kifi da jarida? Ni. Wa ya yanke masa farce, ya yi faɗa da masu abinci saboda miyar da ba gishiri? Ni. Ita ko sau ɗaya ba ta je ba, sai waya, saboda aman nan nata. Amma ina zama zai ce, "Sidsel ta kafa sandar tsakiya kuwa?" In ce ban sani ba. Kuma da gaske ban sani ba, don na rantse ba zan taka shagon ba muddin sai na ƙwanƙwasa an buɗe mini. Shagon da na yi rarrafe a ciki!

Ashe ita can ta wuce sanduna tuni. Ta shiga igiyoyi ba ta gaya masa ba, wai tana so ya dawo ya tarar an gama. Har jarida ta liƙa a taga don kar tsofaffin tasha su leƙa su kai masa labari. Ta bi takarda tiryan-tiryan. Igiyar da kaurinta yake santimita biyu a jirgin gaske, ta raba da ashirin, ta nemo zare mai milimita ɗaya. Wadda ba ta kai haka ba, ta nemo zaren da ya fi siriri, har da wanda sai ka kanne ido kafin ka gan shi. Ta ƙulla ɗaruruwan ƙulli da ɗan hantsaki. Zan faɗi gaskiya ko da tana mini ɗaci: a kan tebur, jirgin nan sai ka rantse in ka sa shi a ruwa tafiya zai yi.

Da Kaka ya dawo a keken marasa lafiya, aka sa ranar gwada ratayawa, kafin ainihin bikin. Wata Asabar da hantsi aka kawo jirgin coci a lulluɓe da zanen gado. Akwai fasto, wadda mace ce, akwai Preben, tsohon abokin Kaka da suka yi yawon teku tare, da wasu tsofaffin matuƙa biyu. Ni na turo keken Kaka. Aka yaye zanen, kowa ya ce kai! Kaka ya miƙa hannu zai shafa, Sidsel ta ce, "A hankali, Baba, fenti bai gama kamawa ba," ya janye. Da ya taɓa zaren nan da yatsa, da a nan maganar ta tsaya. Aka ɗaura ƙugiya, Preben ya hau sama ya ja, jirgi ya tashi a hankali, hancinsa na kallon bagadi kamar yadda ake yi, har ya kai wurinsa.

Sai wuri ya yi tsit.

Duk igiyoyin sun ɓace. Daga ƙasa ba abin da kake gani sai katon cikin jirgi da sanduna uku tsirara. Aikin da ta yi wata da watanni, ko alamarsa babu.

Abin da ba ta sani ba, kuma ba a rubuta shi a kowace takarda ba, jirgin coci ba jirgin tebur ba ne. Daga nesa ake kallonsa, daga ƙasa. Don haka masu yi suna yin ganga daidai da awo, amma igiyoyi sai su yi musu ƙarya, su ƙara musu kauri da gangan. Duk tsohon da ke layin masunta ya san haka. Ni ma na sani, don tun ina ƙarama Kaka yakan rataya jirgi a azarar shago ya ce in kwanta a ƙasa in gaya masa abin da nake gani.

Kaka ya ɗaga kai yana ƙifta ido, shi ba ya ganin komai sai duhu-duhu. Ya ce, "Me ya faru? Me ya sa kuka yi shiru? Preben?"

Preben ya yi gyaran murya daga sama. "Ganga dai ta yi kyau, Ejvind."

Fasto ta ce, "Aiki ne na haƙuri ƙwarai."

Ni kuwa na ce, "Kaka, figaggiyar kaza ce. Ko zare ɗaya ba a gani. Ta yi maka igiyoyi da gashin jariri."

Muryata ta daki bango ta dawo. Ban yi nadama ba, kar ku jira in ce na yi. Wani daɗi ne ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Na ce a raina, yau dai makulli zai dawo gida.

Kaka ya ce, "Ɗaya cikin ashirin kika yi su, Sidsel?"

"E, Baba. Duka."

"To Rediyo ta yi gaskiya. Ni ne ban gaya miki ba."

Na zuba mata ido ina jiran hawaye. Ko ta ce ai takarda ta bi. Ko ta ɗauki jakarta ta fita. Kun san abin da matar nan ta yi? Ta zo tsakiyar coci da rigar aikinta, ta kwanta rigingine a kan dutsen nan mai sanyi, ta ƙura wa jirgin ido. Ta daɗe a haka har fasto ta fara kallon Preben. Sannan ta tashi ta kaɗe riga, ta ce, "Haka ne. Baba Preben, a sauko da shi." Ana saukowa ta zaro almakashin yanke bandeji daga aljihu, ta bi igiyoyin nan tana datsewa. Ƙat, ƙat, ƙat. Ni da ba ni na ƙulla ba sai da na kau da kai.

Ta juyo wajena da tarin zare a hannu. "Rikke, kaurin nawa ya kamata?"

"Oho. Har sai an gani mana."

"Nawa ne har sai an gani?"

"Ke komai sai da lamba? Ido ne. Ko kina da shi ko ba ki da shi."

"To ni ba ni da shi. Za ki ara mini naki?"

A gaban Kaka ta faɗa, a gaban kowa. Na ji kaina ya yi girma. Na ce zan duba in ina da lokaci.

Asabar ta gaba na zo har da jan-baki. Ta kawo zare iri-iri, baƙaƙe, ta shafe su da kakin zuma. Preben ya ɗaure su a sanda ya ja sama, daidai inda jirgi zai tsaya. Ni na zauna a benci na baya, na koma na tsakiya, na kwanta a ƙasa, ina ba da umarni kamar matar kyaftin.

"Na farko babu. Na biyu babu. Na uku sai in rana ta haska. Na huɗu, yawwa, ga shi nan. Na biyar kuma ya yi yawa, wannan ai na ɗaure shanun babanki ne."

Preben yana dariya daga sama. "Yarinyar nan bakinta ya fi idonta kaifi."

"Kai dai riƙe sanda, Baba Preben, kar ka faɗo mu yi jana'iza kafin biki."

Muka yi na manyan igiyoyi, muka yi na ƙanana. Duk wanda na zaɓa sai ta nannaɗe shi sau goma a jikin rula, ta duba faɗinsa, ta raba da goma. Ban kula ba, ina can ina jin daɗin kaina. Da muka gama ta tsaya tana motsa baki, sai ta je wajen Kaka ta durƙusa.

"Baba, duk abu ɗaya suke bayarwa. Manya da ƙanana. Idon Rikke ɗaya cikin sha biyu ne. Ganga ɗaya cikin ashirin, igiya ɗaya cikin sha biyu."

Kaka ya kama hannunta. Ya ce, "Shekara nawa ina wannan aikin da ka, ban taɓa sanin yana da lamba ba."

Kun gane abin da ya faru? Ni ban gane ba sai da na koma gida ina goge jan-bakin. Abu ɗaya tak da nake da shi wanda ba ta da shi, na zauna da bakina na karanta mata, ta mayar da shi lamba ta sa a aljihu. Daga ranar ba ta sake bukatar in kwanta a ƙasa ba. Ta koma takardar igiyoyi, ta raba kowace da sha biyu, shi ke nan.

Ta ce in zo mu ƙulla tare, ban ce ba ta ce ba. Na je sau ɗaya. Aka ba ni tsanin igiya, irin wanda matuƙa ke takawa su hau sanda. Ƙulli, ja, ɗiga gam, ƙulli, ja, ɗiga gam. Bayana ya ƙage, idona ya yi ruwa, ga su su biyu shiru kamar ana zaman makoki. Na fara ba su labarin wata ƙawata, Kaka ya ce, "Rage murya, Rediyo, tana ƙirga." Sai wayata ta yi ƙara, 'yan wajen aikinmu za su tsallaka gari kallon wasa. Na ce ina zuwa. To wane mai jini a jika ne zai zauna yana ƙulla zare ranar hutunsa? Ita da ba ta da inda za ta je, ai dole ta zauna.

Ranar biki tsofaffin matuƙa suka sa baƙaƙen kwat, suka ɗauko jirgin a kafaɗa tun daga tasha har coci, yara na biye da tutoci. Aka ja shi sama ana waƙa. Kowace igiya ta fito raɗau, har daga bakin ƙofa. Mutane suna ta share hawaye. Fasto ta ambaci Kaka, ta ambaci Sidsel, ta ce da taimakon jikarsa Rikke. Da taimako. Kamar wadda ta kawo kofi.

Bayan biki ba da daɗewa ba Kaka ya koma gidan tsofaffi, don ƙafar ta ƙi. A bakin Preben na ji cewa Kaka ya kira 'yan tasha sun shaida ya bar wa Sidsel makullin. Ko rigar aiki ban cire ba na faɗa ɗakinsa.

"Ka ce aro ne."

"Da aro ne. Zauna mana."

"Ba zan zauna ba. Ni ce jininka. Ita safa ta kawo ta."

"Jikata ke ce, wannan ba mai karɓe miki. To in na ba ki shagon me za ki yi da shi?"

"In ajiye."

"Ki ajiye ki yi me? Ki riƙa kai samari?"

"Ko me na yi ai nawa ne."

"Rikke." Rabon da ya kira ni da sunana har na manta. "Akwai katakon da na ajiye tun kafin a haife ki, yana jiran wuƙa. Ke kina son shagon ne don ina ciki. Yanzu ba na ciki. Ita aikin take so."

"Ni na gaya muku kaza ce. Duk kun yi shiru, ni na faɗa."

"Ke kika faɗa. Ita kuma ta yanke ta sake."

Na ce masa kar ya sake sa ran kifi daga wajena. Ya ce to, amma in zan kawo, mai barkono yake so. Na bugo ƙofa har wata nas ta leƙo.

Yanzu in na tashi aiki dole ta layin masunta nake bi, ba wata hanya. Ta cire jaridar taga. In ka wuce za ka gan ta a sunkuye, kekenta jingine a bango, burodinta da kokwamba a gefe. Ta koyi gaisawa da masunta da irin gaisuwarsu. Preben har kujera ya kai can. An ce wani coci a tsibirin da ke kusa da mu ya aiko mata da zane, na wani jirgin kamun kifi, ɗaya cikin saba'in da biyar, suna so ta mayar musu ɗaya cikin sha biyar. Wai har ta yarda za ta hau jirgin fito ta je ta ga wurin, da ledarta.

Shekaranjiya ina tsaye a teburin sayarwa a wajen aikinmu ina naɗe wa wani kifi, sai ga ta. Ta jira layi kamar kowa. Da aka zo kanta ta ajiye wani sabon makulli a kan teburin, yana ƙyalli, ko tsatsa babu.

"Na sa an yanka miki."

"Na roƙe ki?"

"A'a. Amma rufin cocin can ya fi namu tsawo sosai. Sha biyu ba za ta yi ba. Ina bukatar ki zo ki duba."

"Ki ƙirga mana. Ba ke ce mai lamba ba?"

Ta tsaya ta yi tunanin nan nata mai ban haushi. Ta ce, "Na gwada. Ban yarda da abin da ya ba ni ba." Ta sayi kifi ɗaya mai barkono, ta ce na Baba ne, ta tafi.

Ban sani ba ko da gaske take ko tausayina take ji, kuma da wannan fuskar tata ba mai iya ganewa. In tausayi ne, gara ta mare ni. Makullin yana nan inda ta bar shi, na dai tura shi bayan kwalbar gishiri don kar mai gidan bandar ya gani ya tambaya. Kwafi fa. Na ɗakin da na koyi tafiya a ciki, daga hannun matar da ko ruwa ba ta iya tsallakawa. To ku faɗa mini tsakani da Allah, in ku ne za ku ɗauka?